Awon Farin Jinin Waƙa a Zamanin Sauraro ta Intanet: Waƙoƙin Kirsimeti na Turai da Waƙoƙin Lokaci na Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani sauyi da ya auku cikin 'yan shekarun nan game da yadda ake auna farin jinin waƙa, da irin abin da sauyin ya haifar a ƙasashen da suka ƙirƙiro awon, sa'an nan ta duba ko wannan awo zai iya gaya mana gaskiya game da abin da mutanenmu suke saurare. Domin kada maganar ta tsaya a sama, an ɗauki Baturiya da ƙauyukan fadamar Haɗeja a matsayin wurin gwaji.

Kafin mu shiga cikin batun, ya kyautu mu daidaita a kan kalmomi uku da za su yi ta fitowa. In an ce jadawali, ana nufin jerin da wasu kamfanoni suke fitarwa kowane mako, su jera waƙoƙi daga ta ɗaya zuwa ta ɗari gwargwadon yadda jama'a suka karɓe su. In an ce sauraro ta intanet, ana nufin mutum ya buɗe manhaja irin su Spotify ko Audiomack ko Boomplay ko YouTube a wayarsa, waƙar ta riƙa zuwa masa daga rumbun kamfanin yana ji, ba tare da ya saye ta ya ajiye ba. Waƙar lokaci kuwa ita ce wadda take da kakarta, kamar yadda amfanin gona yake da kaka: takan taso in lokacinta ya zo, ta kwanta in ya wuce.

Tsohon Awo da Sabon Awo

Jadawalin da ya fi kowane suna a duniya shi ne na mujallar Billboard ta Amurka, wanda aka fara fitar da shi da sunan Hot 100 a shekarar 1958. A wancan zamani abu biyu ake dubawa: yawan faifan da aka sayar, da yawan sa waƙar a gidajen rediyo. Hanyar samun labarin kuwa ita ce a tambayi masu kantuna da ma'aikatan rediyo, su faɗi abin da suka ga ya fi tafiya. Kowa ya san cewa awon da ya dogara da bakin mai kanti ba ya rasa son zuciya. Mai kanti yakan manta, yakan kuma faɗi abin da yake ganin ya fi daraja a faɗa, ko abin da wani dillali ya roƙe shi ya faɗa.

A shekarar 1991 aka kawo wani tsari mai suna SoundScan, wanda yake ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa a kanti. Nan da nan sai jadawalin ya sake kama. Waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, irin na Garth Brooks, da waƙoƙin gambarar baƙar fata na birane, waɗanda a da ake ɗauka na 'yan tsiraru ne, sai ga su a sahun gaba. Ba wai a shekarar ce mutane suka fara son su ba. Dama can ana saye, mudun ne bai kama su ba. Wannan abin da ya faru a 1991 ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Sauyi na biyu, wanda ya fi na farko girma, ya zo ne da intanet. A shekarar 2012 Billboard ta shigar da sauraron da mutum yake zaɓa da kansa a manhajoji cikin lissafinta, a 2013 kuma ta ƙara da kallon YouTube. Ingila ta bi sahu a watan Yuli na 2014, inda aka yanke cewa sauraro 100 daidai yake da sayen faifai ɗaya. A ƙa'idar Spotify, in mutum ya ji waƙa har daƙiƙa 30, an ƙirga masa sauraro ɗaya.

To, a nan ne bambancin yake, kuma bambanci ne na asali. Tsohon awo yana ƙirga saye, sabon awo yana ƙirga ji. Saye sau ɗaya ake yinsa. Mutumin da ya sayi faifai a 1985 ya shiga lissafi a makon da ya saya, shi ke nan. Ko da zai yi shekara talatin yana sa faifan nan safe da yamma, ba wanda zai sake sanin labarinsa. Amma mai sauraro ta intanet, duk lokacin da ya taɓa waƙar sai an rubuta. Watau ke nan tsohon jadawali labarin kasuwa yake bayarwa, sabon kuwa yana leƙa cikin ɗaki da mota da wurin biki. Abin da mutane suka daɗe suna yi a gidajensu ba a gani, yanzu ya fito fili.

Yadda Waƙoƙin Kirsimeti Suka Hau Sama

Ba inda wannan bambanci ya bayyana kamar a waƙoƙin Kirsimeti. A Turai da Amurka al'ada ce tun da daɗewa a riƙa sa wasu sanannun waƙoƙi daga ƙarshen Nuwamba har zuwa 25 ga Disamba, a gida da kanti da wurin cin abinci. Galibinsu ma ba waƙoƙin ibada ba ne. Suna magana ne a kan sanyi da ƙanƙara da kyaututtuka da begen masoyi. Ko a zamanin faifai wasunsu sukan sake leƙo jadawali, amma da yake gidaje da yawa sun riga sun mallaki nasu faifan, galibi leƙowar ba ta da ƙarfi. Daɗa kuma akwai dokoki da suke hana tsohuwar waƙa komawa jadawali in ta riga ta yi zamaninta. A 2012 Billboard ta sassauta wannan doka, ta yarda tsohuwar waƙa ta dawo matuƙar ƙarfinta ya kai ta shiga cikin hamsin na farko.

Misali mafi shahara shi ne na waƙar Mariah Carey mai suna All I Want for Christmas Is You. An fitar da ita a 1994, amma ba ta shiga Hot 100 a shekarar ba, saboda ba a sayar da ita a faifai ita kaɗai a Amurka ba, dokar lokacin kuwa ta ce sai an yi haka. Bayan da aka fara ƙirga sauraro sai ta riƙa hawa shekara bayan shekara, ta shiga cikin goma na farko a Disamban 2017, ta zama ta ɗaya a Disamban 2019, shekara 25 bayan fitowarta. Na Brenda Lee ya fi wannan ban mamaki. Tana yarinya 'yar shekara 13 ta rera Rockin' Around the Christmas Tree a 1958, waƙar ba ta zama ta ɗaya ba sai a Disamban 2023, bayan shekara 65, mai waƙar tana da shekara 78. A Ingila kuma waƙar Last Christmas ta ƙungiyar Wham!, wadda ta tsaya a ta biyu a 1984, sai a farkon Janairun 2021 ta kai ta ɗaya, bayan rasuwar George Michael wanda ya rubuta ta.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma a gurguje zai ce mutanen yanzu sun fi iyayensu son waƙar Kirsimeti. A ganina wannan fahimta ba daidai ba ce, ko kuma a ce rabin gaskiya ce. Rabin da ya fi girma shi ne abin da muka gani a 1991: dama ana ji, yanzu ne aka fara ƙirgawa.

Sai dai kuma akwai ɗaya rabin, kuma bai kamata a raina shi ba, domin sabon awo ba tsayawa ya yi yana kallo kawai ba, har da hannunsa a cikin abin da yake aunawa. Manhajojin nan suna haɗa waƙoƙi ƙunshi-ƙunshi, su ba kowane ƙunshi suna. Mutumin da ya tara baƙi a gidansa ba ya zama ya zaɓi waƙa ɗaya-ɗaya. Ƙunshin Kirsimeti zai buɗe ya bar shi yana tafiya. Waƙar da aka sa a farkon ƙunshin ita kowa zai ji, ko yana so ko ba ya so, ta ƙarshe kuwa sai wanda ya daɗe. Waɗanda suke tsara ƙunshin, mutane ne ko na'ura, waƙar da ta fi samun masu ji bara ita suke sawa a gaba bana. Ashe ke nan wadda ta samu ita ake ƙara wa, kamar dai yadda ruwa yake bin inda ya riga ya yi hanya. Sakamakon haka shi ne waƙoƙi 'yan ƙalilan, da yawansu na shekarun 1950 zuwa 1990, su ne suke mamaye saman jadawali kowane Disamba, sabon mawaƙi da ya fitar da aikinsa a watan sai ya tarar an rufe masa ƙofa, abokan takararsa kuwa wasunsu sun daɗe a kabari.

Masu kula da jadawalin Ingila sun ga wannan matsala, ba ma a kan Kirsimeti kaɗai ba. A watan Maris na 2017 mawaƙi ɗaya, Ed Sheeran, ya kama gurbi 16 cikin 20 na farko. A shekarar aka sa doka cewa mawaƙi ba zai wuce waƙa uku a jadawali ba, aka kuma rage wa waƙar da ta daɗe ƙimar sauraronta da rabi. A 2018 aka sake raba masu sauraro gida biyu: na wanda yake biyan kuɗin wata, 100 ne daidai da saye ɗaya; na wanda yake ji kyauta ana katse shi da talla, sai ya kai 600. Duk da wannan ragi tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti ba su fasa hawa ba. Abin lura a nan shi ne, waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne suka zauna a ofis suka yanke cewa kunnen mai biya ya ninka na maras biya sau shida. Duk wanda zai kafa hujja da jadawali, to ya fara sanin wa ya sassaƙa mudun.

Jadawalin Nijeriya da Kunnen Mutumin Fadama

A Nijeriya sauraro ta intanet bai daɗe ba. Wayar hannu ta shigo a 2001. Boomplay ta fara aiki a 2015, ta kuma samu shiga hannun jama'a saboda tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da danginsu. Spotify ba ta buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa ba sai a watan Fabrairu na 2021. Kamfanin TurnTable na Legas ya fara fitar da jadawali na mako-mako a 2020, ya faɗaɗa shi zuwa waƙa ɗari a 2022, yana haɗa lissafin manhajoji da na gidajen rediyo. Wanda ya saba duba wannan jadawali ya san cewa waƙoƙin kudu na zamani su ne suka cika shi, waƙar Hausa kuwa sai an tona. Tambayar ita ce, shin haka yake nuna cewa Hausawa, da yawansu, ba sa jin waƙa? Ko kuwa mun sake komawa kantunan Amurka na kafin 1991?

Bari mu dubi Baturiya. Gari ne a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, cikin fadamar da kogin Haɗeja yake malalewa kafin ya nufi Nguru. Mutanen yankin manoma ne da masunta da makiyaya. Duniya ta san wurin ne saboda dajinsa da tafkunansa, waɗanda aka shigar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2008, da kuma tsuntsayen da suke tasowa daga Turai su yi hunturu a can. Abin sha'awa ma, lokacin da tsuntsayen nan suke sauka shi ne lokacin da ƙasashen da suka baro suke fama da waƙoƙin da muka ambata. Kuma masana sukan zo su ƙirga tsuntsayen, amma waƙar da masuncin wurin yake ji a kwalekwalensa ba ta da mai ƙirga ta.

Ba don ba a jin waƙa ba. Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Haɗeja ya san cewa da wuya ka wuce teburin mai shayi, ko tashar mota, ko rumfar mai cajin waya, ba ka ji waƙa tana tashi ba. Abin tambaya shi ne ta ina waƙar ta zo. Mafi yawa ba ta intanet kai tsaye take zuwa ba. Saurayi yakan kai wayarsa ko memorinsa wurin mai tura waƙoƙi a kasuwa, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a cika masa da sababbi da tsofaffi. In ya koma gida ya tura wa abokinsa ta Bluetooth ko Xender, abokin ya tura wa wani. Waƙa ɗaya da mutum ɗaya ya sauko da ita a Haɗeja ko Kano tana iya shiga wayoyi ɗari, a ji ta sau dubbai, amma a littafin kamfani sau ɗaya aka rubuta, in ma an rubuta. Dalilin wannan a fili yake: data kuɗi ce, kuma ta ƙara tsada bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, layi kuma a karkara ba kullum yake da ƙarfin ɗaukar waƙa ba. Mai hankali ba zai biya kuɗin waƙa ɗaya sau goma ba alhali yana iya ajiye ta.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne, gadon zamanin kaset ne. Tun ana sayar da kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, mai rikoda biyu yakan kwafa wa maƙwabcinsa. Memori ya gaji kaset ne kurum, ya ƙara masa sauri. Idan muka yi amfani da rabon da muka yi a baya, sai mu ce mutumin Baturiya har yanzu yana cikin zamanin mallaka, jadawali kuwa ya koma zamanin ji, ga shi kuma mallakar tasa ma ba ta bi ta kantin da ake ƙirgawa ba. Ya faɗi tsakanin awo biyu.

Har ila yau akwai batun taro. Sabon awo an gina shi ne a kan mutum ɗaya da wayarsa da abin sawa a kunne. Mu kuwa waƙa abar tarayya ce. Lasifika ɗaya a majalisar samari tana ciyar da kunne ashirin, ta gidan biki ta ciyar da unguwa. Sa'an nan ga tsawon waƙa. A ce wani dattijo ya zauna ya ji waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo mai tsawon minti 30, ko da ta intanet ya ji ta, sauraro ɗaya za a rubuta. Yaron da ya ɓata wannan rabin sa'a yana jin waƙoƙi masu minti biyu da rabi, shi 12 za a rubuta masa. Lokaci ɗaya suka kashe, amma awon ya fifita ɗaya a kan ɗaya sau goma sha biyu. Duk adabin da yake son shimfiɗa da amshi da maimaici, irin waƙar fada da ta noma da ta bege, ya shiga wannan kasuwa da rauni tun daga bakin ƙofa.

Ba a ce waƙar Hausa ba ta cikin intanet ba. Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020, lokacin kullen annobar korona, ta hanyar gajerun bidiyo da mata suka riƙa ɗauka suna rawa, haka kuma Warr ta Ado Gwanja a 2022. Amma abin da alƙaluman YouTube suka nuna na waɗannan waƙoƙi kan dorinar ruwa ne da ya leƙo. Jikin yana ƙarƙashi, cikin memori.

Waƙoƙin Lokaci a Wurinmu

Yanzu sai mu koma kan ainihin kwatancin. Shin muna da waƙoƙin da suke da kaka kamar na Kirsimeti? Muna da su, har ma sun fi na Turawa yawan iri.

Da farko akwai na Kirsimetin kansa. Kiristoci masu magana da Hausa, daga Wusasa ta Zariya zuwa Jos da kudancin Kaduna da unguwannin Sabon Gari na biranenmu, suna da waƙoƙin haihuwar Almasihu a littafin waƙoƙinsu na coci, ga kuma na ƙungiyoyin Zumuntar Mata waɗanda ake rerawa da kiɗan tulu. Ga Musulmi kuwa, watan Rabi'ul Awwal shi ne babbar kakar waƙa: a karanta Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri, sha'irai su cika dare da bege, a Kano a yi Takutaha, a Haɗeja da Gumel da Daura a yi Sallar Gani. In azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe da waƙoƙin da suka gada. In Salla ta zo a ji tambari da kakaki da algaita a hawan sarki. Bayan waɗannan akwai waɗanda suke bin shekarar manomi: in an yi kaka, aljihu ya yi nauyi, sai dambe da kokawa da bukukuwan aure su tashi da kaɗe-kaɗensu. Aure ma yakan yi yawa a watan Sha'aban, kowa yana son amarya ta tare kafin azumi. Daga ƙarshe akwai waƙar siyasa, wadda kakarta take zuwa bayan shekara huɗu, kamar yadda aka ga waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara sun cika ƙasa a zaɓen 2015.

To, a ce gobe kowane ɗan fadama ya samu data kyauta da layi mai ƙarfi, ya koma ji ta intanet. Shin za mu ga waƙa ɗaya tana hawa saman jadawali kowane Maulidi, kamar ta Mariah Carey a Disamba? Ina shakka, saboda dalilai biyu.

Na ɗaya, kalanda. Kirsimeti yana nan daram a ranar 25 ga Disamba, saboda haka kamfani yana iya ɗora makon bana a kan makon bara ya ga tudun ya faɗo wuri ɗaya, ya shirya ƙunshinsa da tallansa tun watanni kafin lokacin. Shekarar Musulunci kuwa ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, don haka Maulidi da azumi suna zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara kamar 33. Mai lissafin da yake kwatanta Satumba da Satumba ba zai ga kome ba sai hargitsi. Wannan matsala ce mai sauƙin gyara in an so, domin ba ta buƙatar kome sai a sa kalandar Hijira kusa da ta Miladiyya.

Na biyu ya fi zurfi. Abin da yake hawa jadawali a Amurka ba waƙa ba ce kawai, ɗauka guda ce ta muryar mutum guda, wadda aka naɗa sau ɗaya a 1958 ko 1994, kowa kuma ita yake nema. A wurinmu waƙar lokaci ta jama'a ce. Ishiriniya ba ta da murya ɗaya. Kowace zawiya da makarantar allo da nata mai ja. Waƙar tashe ba a ma neman ta a waya, domin daɗinta shi ne yaran unguwarku ne suka zo ƙofar gida da gemun auduga. Ko da duk waɗannan za su shiga intanet, sauraron zai watsu ne a kan ɗaruruwan ɗauka, ba wadda za ta tara abin da zai kai ta sama. Kada kuma a ce wannan halin ƙasashen Musulmi ne baki ɗaya. A Masar akwai waƙar Ramadan Gana ta Muhammad Abdul Muɗɗalib, tun ta shekarun 1940, wadda har yau da an ji ta an san azumi ya kama. Can gidan rediyon gwamnati ne ya yi shekaru yana maimaita ɗauka guda har ta zama alamar watan. A nan gidan rediyon Kaduna, da shirye-shiryensa na zaɓi-sonka, ya yi wa Shata da Ɗanmaraya Jos irin wannan hidima wajen yaɗa sunansu, amma bai ɗaure wata waƙa guda da wani wata guda ba.

Akwai kuma batun abinci, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa mawaƙan Hausa na zamani suke fitar da sabuwar waƙar Salla ko ta bege kowace shekara maimakon su dogara da ta bara. Mai waƙar Kirsimeti a Amurka, ko magadansa, duk Disamba kuɗi suna shigo masa daga aikin da aka gama tuntuni, domin kowane sauraro da ɗan abin da yake kawowa. Tsohuwar waƙa a can kamar itacen dabino ce. Saboda haka kamfanin da ya mallake ta yana da dalilin da zai sa ya yi ta tallata ta, ya sake yi mata bidiyo, kamar yadda aka yi wa ta Brenda Lee a 2023. Mawaƙin Hausa kuwa, waƙarsa da take yawo a memori daga Haɗeja zuwa Nguru ba ta kawo masa ko sisi. Abincinsa yana wurin biki, da wurin mai kuɗin da aka ambaci sunansa cikin baiti, da wurin ɗan takara. Waɗannan kuwa duk sabuwa suke biya. Amaryar bana ba za ta yarda da waƙar da aka sa sunan ta bara ba, attajirin da ya ɗauki nauyin Maulidi yana son ya ji nasa sunan, ɗan takarar da aka wasa a zaɓen da ya wuce wataƙila yanzu ya sauya jam'iyya. Ko a manhajojin ma ƙaramin mawaƙi ba shi da tabbas, tun da daga 2024 Spotify ta daina biyan kome a kan waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin shekara ba.

Saboda haka mai nazarin da yake son ya san waƙar da ta yi tashe a ƙasar Haɗeja a Maulidin bana ko a kakar bana, ba jadawalin Legas zai buɗe ba. Zai fi samun amsa in ya zauna da masu tura waƙoƙi a ranar kasuwa ya rubuta abin da aka fi nema, ya tambayi masu ba da hayar lasifika abin da ake sa su maimaitawa a gidan biki, ya kuma nemi izinin duba saƙonnin da masu sauraro suke aika wa shirye-shiryen gaishe-gaishe na gidajen rediyon jihar. In aka yi wannan a wurare uku ko huɗu, Haɗeja da Kirikasamma da Baturiya alal misali, ana rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya tare, har shekara uku a jere, za a iya ware waƙar da take bin wata da wadda take bin damina, a kuma gane ko cikin waƙoƙin bege da aka naɗa tun zamanin kaset akwai wadda ta fara dawowa da kanta kowace shekara.